Ɗakin gashin ƙashi a Garwa: abin da ya yi wa 'yan wasanmu da inda ya gaza

Wurin da zan yi bayani a kansa ɗakin gashi ne mai zaman kansa a nan Garwa, mallakar wani likitan gashi, wato mai jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar atisaye da tausa, ko kine kamar yadda kowa ke kiransu a Kamaru, wanda yake aiki da mataimaki guda. Ni mai horar da ƙungiyar matasan unguwa ne, irin ƙungiyoyin nan da ba su da likita kuma ba su da asusu, sai karo-karon iyaye da na 'yan kasuwar unguwa. Yara uku na kai wurin a lokuta daban-daban: ɗaya da targaɗe a idon sawu, ɗaya da yagewar tsokar bayan cinya, na ukun kuma da rauni a gwiwa. Ra'ayina shi ne wurin ya cancanci kuɗin da ake biya, sai dai ba saboda abin da yawancin mutane ke zuwa nema ba. Jama'a na zuwa ne don injin lantarki da fitila mai ɗumi da tausa, alhali abin da ya mai da yaranmu fili lafiya shi ne atisaye mai wahala, da awon da ake yi wa ƙafa kafin a sallame ta, da kuma tsayuwar mutumin nan a kan maganarsa idan ya ce lokaci bai yi ba.

Garwa gari ne na ƙwallo, wannan ba sai an faɗa ba. A nan aka kafa Coton Sport a 1986, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta Masar ta ɗauke kofin, kuma a filin Roumdé Adjia ne Najeriya ta buga wasanninta na gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022. Amma yaranmu ba a kan waccan ciyawa suke wasa ba. Filayen makarantu da fegin unguwa suke da su, inda ƙasa kan bushe ta yi tauri tun daga hunturu har zuwa ƙarshen bazara, sannan a damina, lokacin gasar hutu, ta koma santsi da ramuka. A irin wannan fili, yaron da ya shekara yana wasa bai taɓa gurɗe ƙafa ba abin a yi masa barka ne.

Na fara da mai targaɗen, domin a kansa ne na fi ganin aikin wurin. Mai tsaron baya ne, ya yi tsalle zai sa kai, ya sauka a kan ƙafar abokin karawa, tafin ƙafarsa ya juya ciki. Kafin dare idon sawun ya kumbura ta waje. Iyayensa suka kai shi wurin maɗori, kamar yadda kusan kowane gida a unguwarmu zai yi, aka ja ƙafar, aka murza ta da man zafi, aka ɗaure tamau da kara da tsumma. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya ƙaru, yatsun suka fara yi masa sanyi da nauyi, sai mahaifinsa ya yarda muka tafi ɗakin gashin.

A zaman farko likitan bai kunna ko da inji ɗaya ba. Ya kwance ɗaurin, ya sa yaron ya faɗi yadda ya sauka da inda ya ji zafin tun farko, sannan ya riƙa danna wurare da yatsa ɗaya bayan ɗaya: bayan ƙasusuwan idon sawu na ciki da na waje, gindin ƙashin da ke bin gefen ƙafa zuwa ƙaramin yatsa, da wani ƙashi a gefen ciki na tsakiyar ƙafa. Daga nan ya ce yaron ya taka ƙafar ya yi taku huɗu, ko da ɗingishi ne. Da ya ga ya iya, kuma ba a kan ƙashi zafin yake ba, sai ya ce ba a bukatar hoto. Wannan gwaji ba ƙirƙirarsa ba ce. Ƙa'ida ce da likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar a 1992 don bambance wanda ke bukatar hoton ƙashi da wanda ba ya bukata, kuma ana aiki da ita a asibitocin duniya. Abin da ya burge ni shi ne mutumin ya hana mu kashe kuɗin da ba dole ba, a daidai lokacin da mahaifin yaron ya riga ya sa hannu a aljihu. Ga abin da ya ce masa: "Alhaji, ƙashin ɗanka lafiya lau yake. Jijiyar da ke ɗaure gaɓar ce ta yage, kuma abin da ya yage ba ja yake so ba."

Bai zagi maɗorin ba, ni ma ba zan zage shi ba. Maɗora sun daɗe suna yi wa jama'a aiki a wuraren da babu asibiti, kuma akwai waɗanda suka san iyakarsu. Matsalar ita ce a hannun da yawansu targaɗe da karaya da gocewar ƙashi duk magani ɗaya gare su, wato ja da murza da ɗauri. Murza jijiyar da ta yage da man zafi a kwanakin farko yana ƙara zubar jini a cikin nama, ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura kuwa yana iya tare hanyar jini, wanda shi ne haɗarin da ya fi kowanne girma.

Abin da likitan ya umarta a makon farko mai sauƙi ne: bandeji mai miƙewa wanda ba zai matse har yatsu su canza launi ba, ɗaga ƙafa sama da ƙirji idan ana kwance, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na 'yan mintoci idan zafi ya tsananta, da kuma taka ƙafar gwargwadon yadda zafin ya bari. Wannan na ƙarshen ne ya ba iyayen mamaki, domin mun saba jin cewa hutu cikakke shi ne magani. Shawarar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗagawa ta yaɗu ne daga wani likitan wasanni Ba'amurke, Gabe Mirkin, a 1978, amma shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da hutu cikakke na iya jinkirta warkewa. Jijiya tana bukatar nauyi kaɗan-kaɗan kafin sabon naman da ke haɗa ta ya yi ƙarfi. Na ji daɗin samun mutum a Garwa da yake bin ilimin sana'arsa har zuwa inda ya kai yau, bai tsaya a kan abin da aka koya masa a makaranta ba.

Daga mako na biyu ne aikin gaske ya fara. Kayan da aka fi amfani da su ba su da tsada ko kaɗan: roba mai miƙewa da ake ɗaura wa ƙafa a riƙa tura ta waje don ƙarfafa tsokokin gefen ƙwauri, matakala guda da ake hawa a tsaya kan yatsu a sauke dunduniya a hankali don dambubu, wani faifan katako mai ƙulu a ƙasansa da ke lilo idan an hau, da ƙwallon hannu. Yaron yakan tsaya da ƙafar mai ciwo ita kaɗai, da fari a kan daɓe, daga baya a kan matashi, sannan ido rufe, sannan a kan faifan yana cafe ƙwallon da ake jefa masa. Likitan ya yi mana bayanin dalili, kuma bayanin nan shi ne abu mafi amfani da na samu a wurin. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai ƙananan hanyoyin saƙo da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take zaune a ƙasa, tun kafin mutum ya duba. Idan jijiya ta yage, wannan saƙo yakan yi rauni, ya riƙa isa a makare, sai ƙafa ta sake juyawa kafin tsoka ta farga ta tare ta. Zafi yakan ɗauke cikin makonni biyu ko uku, amma saƙon ba ya dawowa daidai sai an horar da shi. Shi ya sa muke da 'yan wasa da yawa waɗanda ake cewa ƙafarsu ta saba gurɗewa, kamar wata ƙaddara ce aka haife su da ita. Bincike ya nuna cewa waɗanda gaɓarsu ke zama sako-sako bayan targaɗen farko suna iya kaiwa 40 cikin 100, kuma a ganina mafi yawan namu daga komawa fili da wuri suka samo abin.

A nan ne aka kai ruwa rana. Zafi ya tafi, yaron yana tafiya garau, wasan kusa da na ƙarshe na gasar hutu ya matso, manyan unguwa da suka sa kuɗinsu suna tambaya kullum ko zai buga. Likitan ya ce sai ya ci awo. Ya tsayar da shi gaban bango, dunduniya a ƙasa, ya ce ya kai gwiwa ta taɓa bangon, ya auna tazarar babban yatsa daga bango da ma'auni, ya kwatanta da ɗaya ƙafar. Ya sa shi tsalle da ƙafa ɗaya zuwa gaba, sannan tsalle uku a jere, sannan gefe da gefe, yana rubuta nisan kowanne a littafi. Ƙa'idarsa ita ce ƙafar da ta ji ciwo ta kai aƙalla 90 cikin 100 na abin da mai lafiya ke yi. Ba ta kai ba, ya ce ba zai buga ba. Wani dattijo daga cikin magoya baya ya je da kansa ya roƙe shi, ya amsa masa cikin ladabi: "Baba, in kun sa shi ba zan iya hana ku ba, amma ba da bakina ba." Yaron bai buga ba. Ya koma fili bayan ya ci awon, da takalmin gaɓa mai igiya, wato abin da ake ɗaure idon sawu da shi, da likitan ya ce ya riƙa sawa na tsawon watanni a lokacin wasa, kuma har zuwa yau ƙafar ba ta sake juyawa ba.

Dole in tsaya a kan wannan batu, saboda akwai wata hanya da yaranmu ke bi idan aka matsa musu su buga da ciwo, kuma kowa a arewacin Kamaru ya san ta. Tramol ce. Ana samun ta a bakin titi, yaro ya haɗiya kafin wasa, zafi ya ɓuya, ya yi gudu a kan jijiyar da ba ta haɗe ba, ya fito da rauni biyu da kuma sabo da ƙwaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta sa tramadol, wato Tramol ɗin nan, cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, wanda ke nufin yaron da ke mafarkin zama ƙwararre yana rufe wa kansa ƙofa da hannunsa. Likitan nan yakan tambayi kowane matashi a keɓe, ba a gaban uba ko koci ba, ko yana shan wani abu. Na yaba masa da wannan ƙwarai.

Mai tsokar bayan cinya bai ba da wahala ba. An fara shi da motsi marar zafi, aka bi da ƙarfafawa, aka ƙare da gudu mataki-mataki har ya kai ga gudun ƙarshe. A wurinsa muka koyi atisayen Nordic, inda ɗan wasa ke durƙusawa, abokinsa ya danne masa ƙafafu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana riƙe kansa. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike a kan 'yan wasa fiye da 8,000 ya nuna cewa atisayen na rage wannan rauni da kusan rabi, kuma ba ya bukatar komai sai tabarma.

Gwiwar ce ta nuna iyakar wurin, ta kuma nuna gaskiyar mai shi. Yaron ya juya da gudu, ƙafa ta kafe a ƙasa, ya ji ƙara a cikin gwiwa, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Likitan ya kwantar da shi, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗaya hannun, ya ji yana zamowa fiye da na ɗaya ƙafar. Ya ce yana zargin jijiyar tsakiyar gwiwa ta gaba ce ta tsinke, cewa hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai hoton IRM (MRI a Turanci), wanda ke nuna jijiya da tsoka, kuma hukuncin tiyata na likitan ƙashi ne, ba nasa ba. Da mai kwaɗayi ne, da ya riƙe yaron wata da watanni yana kunna masa inji yana karɓar kuɗi. Abin da ya yi shi ne ya rubuta takarda zuwa ga likitan ƙashi, sannan ya yi aiki da yaron kafin tafiya har kumburi ya sauka, gwiwa ta miƙe sosai, tsokar gaban cinya ta farfaɗo, domin gwiwar da ta shiga tiyata a sandare takan fito a sandare. Iyalin suka zaɓi Yawunde, suka bi mota zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa. Bayan dawowarsu ya gaya musu ƙarara cewa kada su sa ran ƙwallo kafin wata tara. Wani bincike na 2016 da masana daga Amurka da Norway suka yi ya gano cewa kowane wata da ɗan wasa ya ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake raunin da kusan rabi. Da yaron ya karaya, likitan ya tuna masa da Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport: wannan jijiyar ce ta tsinke masa a Porto a 2018, ya rasa mafi yawan kakar, amma ya dawo ya ci ƙwallo 8 a gasar Afirka da aka yi a Kamaru, fiye da kowa. Ga yaron Garwa babu misalin da ya kai wannan shiga zuciya.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma babbar gazawar tana cin karo da abin da ya sa na yabe shi. Ɗakin ƙarami ne, gadaje uku da labule a tsakani, kuma ba 'yan wasa kaɗai ke zuwa ba. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon baya, da waɗanda suka yi haɗarin babur. Ana ba da lokaci, amma ba a cika shi. Da yamma, bayan la'asar, idan mutane suka taru, likitan yakan koma kan marasa lafiya masu nauyi, sai mataimakin ya manna wa yaro wayoyin lantarki ko ya kunna masa fitila, ya bar shi kwance na minti ashirin, a ƙirga wannan a matsayin zama cikakke. Injin lantarkin yana rage zafi na ɗan lokaci, ban musa ba, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi kuma ba ya koya wa gaɓa tsayuwa, mai wurin da kansa ya faɗa mana haka. Bai dace a karɓi kuɗin zaman atisaye a ba da zaman kwanciya ba. Da na yi magana an gyara wa yaranmu, aka mai da su safiya, amma wanda bai san bambancin ba zai biya ya tafi yana godiya.

Sauran matsalolin ƙanana ne, ko da yake suna da nasu nauyi. Idan aka ɗauke wuta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ɗakin ba ya zaunuwa, balle a yi tsalle a cikinsa, kuma babu janareta. Takardar atisayen gida da Faransanci aka rubuta ta, ba zane ko ɗaya, alhali iyayen da za su sa ido a gida da yawansu Hausa da Fulatanci suke ji. Likitan yana bayani da baki cikin harsunan nan biyu, amma magana takan shuɗe kafin a isa gida. Mun magance wannan da ɗaukar bidiyon kowane atisaye a waya. Sannan babu mace a cikin ma'aikatan. 'Yan mata suna ƙwallon ƙafa da ta hannu a makarantun garin nan, kuma an san jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi tsinkewa ga mata fiye da maza, amma gidaje da yawa ba za su bar 'yarsu ta kwanta namiji ya riƙe mata cinya ba, ko da a bayan labule ne. Ɗaukar mace ɗaya mai wannan ilimi zai buɗe wurin ga rabin garin.

Wani abu da ya yi mana a wajen ɗakinsa ya cancanci ambato. Mun biya shi ya zo filinmu ya koya mana tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, atisaye 15 da ake gamawa cikin minti 20 kafin horo, aƙalla sau biyu a mako. An gwada tsarin a Norway a 2008 a kan 'yan mata kusan 1,900, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, an kuma gwada shi a kan samari a Legas a 2014, inda suka ragu da 41 cikin 100. Na kawo na Legas ne musamman saboda yaran can sun fi kama da namu, a filaye da takalma da komai.

Kuɗin zama guda sefa 5,000 muka biya, a hannu ko ta waya. Likitoci sukan rubuta zama goma, wato sefa 50,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani yake sefa 60,000 a wata tun 2023, ban da kuɗin babur zuwa da dawowa, ban da takalmin gaɓa, wanda wasu kan nema a gwanjo saboda tsadarsa a kantin magani. Ga mai sayar da kayan miya ko mai tuƙa babur wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ba zai iya biyan goma ba, kada ya fasa zuwa, kuma kada ya ƙone kuɗinsa a makon farko yana zuwa kullum. Ya biya zaman farko don a duba ƙafar a san ko ana bukatar hoto, ya roƙi a koya masa atisayen ya ɗauka a waya, ya riƙa yi a gida safe da yamma, ya koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu don a ƙara masa mataki, sannan ya ajiye kuɗin zama ɗaya na ƙarshe domin awon komawa fili. Likitan ya amince da wannan tsari ga mai tsokar cinya ba tare da ya ɓata rai ba, da sharaɗi guda: a zo da safe, a zo da gajeren wando da takalmin gudu, kuma a zo da babba daga gida wanda zai tabbatar ana yin aikin.